Filin 'Yan Makaranta: Ƙarfi Uku Masu Ja Ba Da Igiya Ba

 A wannan wata za mu ɗauki wani darasi wanda malaman kimiyya su ke farawa tun a ƙaramar sakandare, ya kuma bi yaro har zuwa jarrabawar WAEC da NECO. Jaki ba ya jan amalanke sai an ɗaura masa ita, ƙofa kuma ba ta buɗuwa sai hannu ko iska ta tura ta. Amma akwai ƙarfi iri uku da su ke aikinsu daga nesa, ba igiya, ba hannu: ƙarfin maganaɗisu, da ƙarfin jan ƙasa, da ƙarfin kwantaccen lantarki.

Za mu ɗauko misalanmu daga Araba, can bakin iyaka a ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato, inda mutum zai karya kumallo a Nijeriya ya yi cefane a Birnin Ƙonni. Mun zaɓe ta da gangan. Iskar hunturu tana isa can a bushe ƙayau daga hamada, ga rijiyoyi, ga maƙera, ga masu tallar fetur. Yaron da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje kada ya ce an bar shi a baya, gama kusan dukan abin da za mu faɗa ana iya gwada shi a tsakar gida.

Bari mu fara da wanda yara suka fi sani. Maganaɗisu shi ne wanda a ke kira mayen ƙarfe, sunan kuwa ya dace da shi. Yara su kan ciro shi daga bayan lasifikar matacciyar rediyo, su ɗaura masa zare su ja shi cikin yashi, ya fito da baƙin gari manne a jikinsa kamar gemu. Garin nan ƙwayoyi ne masu ƙarfe a ciki. Amma mayen nan yana da zaɓe. Yana kama baƙin ƙarfe, da wasu ƙarafa biyu da a ke kira nikel da kobal. Ba ruwansa da alminiyam, da jan ƙarfe, da tagulla, da azurfa, da zinariya. Shi ya sa 'yan gwangwan ba su rabuwa da shi, domin da shi su ke rarrabe kayan da suka saya. Ku tara kuɗin sefa na ƙarfe iri iri, da cokali, da murfin tukunya, da ƙusa, ku gwada su ɗaya ɗaya, ku rubuta waɗanda suka kama da waɗanda suka ƙi.

Ga wata 'yar shawara ga iyaye mata masu sayen 'yan kunne a kasuwa. In mayen ƙarfe ya kama abin da aka ce muku zinariya ce, to, ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinariya. Amma in bai kama ba, wannan bai isa shaida ba, gama tagulla ma ba ta kamuwa.

Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, na arewa da na kudu. Arewa da kudu suna jan juna. Arewa da arewa, ko kudu da kudu, suna tunkuɗe juna, har za ku ji tunkuɗar a yatsunku kamar akwai wani abu mai laushi a tsakani. In kuka karya shi biyu ba za ku sami arewa dabam kudu dabam ba, sai dai ƙananan maganaɗisu biyu, kowanne da kawunansa biyu. Zafi kuwa maƙiyinsa ne. Baƙin ƙarfe in ya wuce digiri 770 a wuta, maganaɗisu ba ya kama shi sai ya huce. Wanda ya ke da kawu maƙeri ya roƙe shi ya nuna masa da awartaki, kada yaro ya gwada da kansa.

Me ya sa a ke ce wa kawunan nan arewa da kudu? Ku sami allura, ku shafa ta da kai ɗaya na maganaɗisu, daga gindi zuwa tsini, sau talatin ko arba'in, kullum ta fuska ɗaya. Ku ɗora ta bisa busasshen ganye a cikin ƙwaryar ruwa, nesa da bokitin ƙarfe. Za ta juya a hankali ta tsaya. A Araba kai ɗaya zai dubi ƙasar Nijar, ɗayan ya dubi Sakkwato. Ku karkatar da ita, za ta koma. Kun yi kamfas ke nan, irin wanda mutanen Sin suka rubuta labarinsa tun wajen shekara ta 1088. Dalilin juyawar allurar shi ne duniyar nan ita kanta babban maganaɗisu ce, saboda narkakken ƙarfe da ke motsi can cikin cikinta. Wani likita na Ingila, William Gilbert, shi ya bayyana cewa duniya maganaɗisu ce, cikin littafin da ya buga a 1600.

Kafin mu wuce, iyaye su lura da ƙananan maganaɗisu masu ƙyalli da ke cikin kayan wasa da na'urorin kunne. In ƙaramin yaro ya haɗiye guda biyu, suna iya kama juna a ciki su matse hanji a tsakaninsu har su huda shi. Kada a jira ya fita da kansa, a tafi asibiti nan da nan.

Yanzu sai jan ƙasa. A nan akwai wani kuskure da mu ke so mu gyara, domin yana kā da yara a jarrabawa. Sau da yawa mu kan ji ana cewa "maganaɗisun ƙasa" ne ke sa abu ya faɗo. Ba haka ba ne. Duniya tana da maganaɗisu, mun gani da allura, amma wannan ƙarfi ne ɗan kaɗan, allurar ma sai an sa ta bisa ruwa kāna ya iya juya ta. Abin da ke sa mangwaro ya faɗo dabam ne, Turawa suna ce da shi girabiti. Shaidar tana hannunku: mayen ƙarfe ba ya kama ƙwarya, amma ku sake ta ku gani ko ba za ta faɗi ta fashe ba. Jan ƙasa ba shi da zaɓe. Yana jan dutse da auduga da ruwa da mutum, har iskar da mu ke shaƙa shi ne ya riƙe ta. Kuma ja kaɗai ya sani, ba ya tunkuɗa.

Isaac Newton, mutumin Ingila, ya bayyana dokarsa a 1687. Ya ce kowane abu yana jan kowane abu. Ƙarfin jan yana ƙaruwa in kayan jikin abubuwan suna da yawa, yana raguwa in sun yi nesa da juna. In nisan ya ninka biyu, jan ba rabi zai koma ba, sai kashi ɗaya cikin huɗu. In ya ninka uku, kashi ɗaya cikin tara. Watau ku da raƙumin da ke tsaye a kara kuna jan juna, sai dai jan ya yi ƙanƙanta da yawa, ba mai ji. Sai abu ya kai girman duniya kāna a san da shi.

Abin da aka saki yana ƙara sauri yayin da ya ke faɗuwa: kowace daƙiƙa saurinsa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa. Littattafanku su kan ce 10 don sauƙin lissafi. Da wannan kuna iya auna zurfin rijiya ba tare da igiya ba. Ku nemi izinin mai rijiya, babba yana kusa, ku saki ɗan tsabtataccen dutse ku ƙidaya daƙiƙoƙi har ku ji ya taɓa ruwa. Ku ninka adadin da kansa, ku ninka da 5. Daƙiƙa 2 ta ba ku kusan mita 20, daƙiƙa 3 kusan mita 45. Ku lura, ƙarin daƙiƙa ɗaya tak ya fi ninka zurfin. Dutsen da ya yi daƙiƙa 2 yana faɗuwa ya riga ya kai saurin kilomita 70 a awa, kamar motar da ke gudu a hanyar Sakkwato. Wanda ya gane wannan lissafi ba zai bar bakin rijiyar gidansa a buɗe ba, ba kuwa zai ajiye dutse a gefe sa'ad da masu yasa su ke ciki.

Tambayar da ta kan jawo gardama a aji ita ce, babban dutse da ƙarami wanne zai riga isa ƙasa? Ku sake su tare daga kan katanga, za ku ji sun sauka tare. Galileo na ƙasar Italiya ya koyar da haka shekaru wajen 400 da suka wuce. Gashin kaza yana jinkiri ne domin iska tana tare shi. A 1971 wani ɗan sama jannati na Amurka, David Scott, ya tsaya bisa wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho a lokaci ɗaya, suka taɓa ƙasa tare, mutane suna kallo a talabijin.

'Yan aji uku na babbar sakandare su riƙe bambancin nan da kyau. Yawan kayan jikin abu, wanda a ke aunawa da kilo, ba ya sākewa ko ina aka kai shi. Nauyi kuwa shi ne ƙarfin da duniya ke jan abin da shi, ana auna shi da niyuton. Buhun siminti mai kilo 50 da aka ɗauko daga Kalambaina nauyinsa niyuton 490 ne a Araba. In aka kai shi wata, kilo 50 ɗinsa na nan, simintin bai ragu ko cokali ba, amma nauyinsa zai koma wajen niyuton 80, gama jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan duniya. Yaro ma ya ɗaga shi.

Jan nan bai tsaya a kan itatuwa ba. Ran 3 ga Oktoba 1962, kusa da Zagami a ƙasar Katsina, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa sai ya ji ƙara mai tsanani, wani dutse mai kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda ya ke, ya nutse cikin ƙasa. Daga baya masana suka gane cewa dutsen nan ɓallewa ya yi daga duniyar Mas, ya yi ta yawo a sarari har ya ratso kusa, duniyarmu ta jawo shi. Jan nan ne kuma ya riƙe wata a kan hanyarsa, shi ne ya riƙe tauraron ɗan adam na Nijeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disamba 2011 zuwa nisan kusan kilomita 36,000. Abubuwan nan faɗuwa su ke yi kullum, amma suna gudu ta gefe da saurin da ya sa ba su taɓa iske ƙasa, sai kewaya.

Na uku shi ne wanda lokacinsa ya yi. A daren hunturu yaro ya kan ja bargo ya ji ƙas ƙas, ya ga 'yan tartsatsi shuɗi shuɗi cikin duhu. Mace ta kan tuɓe mayafin nailan ya manne mata a jiki. Mutum ya sauko daga mota ya taɓa ƙofa, ya ji kamar an soke shi da ƙaya. Mun san gidajen da abin nan ya kan tayar wa hankali har a fara zargin iska ko sammu. Ku kwantar da hankalinku, ba ko ɗaya.

Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, a cikinsu kuwa akwai caji iri biyu, waɗanda a ke yi wa alamar tarawa da alamar ɗebewa, kamar yadda ku ke gani a kan batir. A yawancin lokaci biyun daidai su ke, sun kashe juna, ba a jin kome. Amma in aka goga abu biyu, waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu alamar ɗebewa, sunansu ilektaron, su kan bar ɗayan su koma ɗayan. Wanda ya karɓa ya zama mai cajin ɗebewa, wanda ya rasa ya zama mai cajin tarawa. Ba a ƙirƙiri kome ba, ƙaura ce kawai aka yi. Roba da leda da nailan ba su barin caji ya bi ta cikinsu ya wuce, don haka sai ya kwanta a inda ya ke yana jiran hanya. Ran da ya samu, sai ya yi tsalle gaba ɗaya, shi ne tartsatsin. Kafin tartsatsi ya tsallake milimita ɗaya na busasshiyar iska sai da bolt wajen 3,000, amma yawan cajin kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa na bargo ba ya cutar kowa.

Me ya sa sai da hunturu? Da damina iska tana da laima, laimar tana kwanciya a jikin kaya ta ba caji hanyar sulalewa a hankali. Da hunturu kuwa laimar iska a ƙasar Sakkwato ta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, lokacin da leɓe ke tsagewa, ganga ke ɗaurewa. Cajin ba shi da mafita. Malaman da ke bakin teku su kan sha wahala kafin gwajin nan ya yi musu, ku kuwa ga shi a banza. Ku goga biro a gashin kanku ku kusantar da shi ga yagaggun takardu, za su yi tsalle su manne. Ku tsiyayo siririn ruwa daga buta ku kawo biron kusa, ruwan zai lanƙwaso. Ku yanko zirin leda biyu, ku ja su tsakanin yatsunku, ku riƙe su a rataye, za su buɗe suna gudun juna, domin cajinsu iri ɗaya ne. Mutanen Girka na dā sun ga irin wannan da wani daskararren ƙaron itace wanda su ke kira elektaron, daga sunan nan ne kalmar lantarki ta samo asali.

Dokarsa ta yi kama da ta maganaɗisu: iri ɗaya su tunkuɗe juna, iri dabam su ja juna. Wajen nisa kuwa ta yi kama da ta Newton, in nisa ya ninka biyu ƙarfin ya koma ɗaya cikin huɗu. Wani Bafaranshe, Charles Coulomb, shi ya auna wannan a 1785. In aka tambaye ku wanne ya fi rauni cikin ukun, ku tuna da biron nan. Duniya duka da duwatsunta da tekunanta tana jan takardar ƙasa, ɗan biro yana janta sama, biro ya yi nasara.

Mun ce tartsatsin bargo ba ya cutarwa. Amma akwai inda ɗan tartsatsin nan ya ke kisa, wannan ne ma babban dalilin da ya sa muka kawo darasin a wannan wata. Kowa ya san yadda fetur ke yawo cikin jarkoki da kwalabe a garuruwan bakin iyaka, 'yan bumburutu suna sayarwa, 'yan kabu-kabu suna saye, sau da yawa kuma yaranmu ne a ke aika. Abin da ke kamawa da wuta shi ne tururin fetur, wanda ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa ƙasa ba a ganinsa. Fetur kuma sa'ad da ya ke kwarara ta tiyo ko mazurarin roba yana gugar jikinsu, yana tara caji kamar biro a gashi. In jarkar tana kan kujerar babur ko bayan mota, an raba ta da ƙasa, cajin yana iya taruwa har ya yi tartsatsi a daidai bakin jarkar, inda tururin ya fi yawa. Gaskiya ne yawancin gobarar fetur daga aci-balbal ne, ko taba, ko janareta mai zafi. Amma waɗannan kowa yana ganinsu ya kauce, wannan kuwa ba a ganinsa. Ku lura da tanka in ta zo sauke mai a gidan mai da ke bin doka, za ku ga an fara maƙala mata waya da ke haɗe da ƙasa. To, ku ma ku sauke jarka a ƙasa kafin a cika ta, bakin tiyo yana taɓa bakin jarkar, a zuba a hankali, a fili. Wanda zai zuba ya fara dafa wani ƙarfe da ke nesa da fetur ɗin domin cajin jikinsa ya fita. Ɗakin kwana kuma ba wurin ajiye fetur ba ne, ko na kwana ɗaya.

Walƙiya ita ce babbar yayar tartsatsin bargo. A cikin hadari ƙanƙara da ɗigon ruwa suna karo da juna, caji ya rabu, gindin girgije ya cika da na ɗebewa, har ya yi tsalle zuwa wani girgije ko zuwa ƙasa. Benjamin Franklin na Amurka ya nuna a 1752 cewa lantarki ce. Iskar da ta bi ta ciki ta kan yi zafi har digiri 30,000, ta buɗe farat ɗaya, ƙarar buɗewar ita ce tsawa. Dutsen nan mai santsi da a ke tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, gatari ne na gaske, amma mutanen dā ne suka wasa shi tun kafin a san ƙira. Ba daga sama ya faɗo ba.

Ku koya wa yara masu kiwo da masu zuwa gona wannan ƙidaya tun kafin damina. Daga ganin walƙiya zuwa jin tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ba ta kai daƙiƙa 30 ba, hadarin ya matso, a nemi ɗaki. Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a wurin, saboda haka itace guda a tsakiyar fili, wanda kowa ke gudu ya fake a gindinsa, shi ne wuri mafi hatsari. Masu wanka da masu su a tafki su fito daga ruwa. A ajiye fartanya da sanda mai ƙarfe. Cikin mota mai rufin ƙarfe, an rufe tagogi, wuri ne mai kyau, gama lantarkin zai bi jikin motar ta waje ya shiga ƙasa. In kuwa abin ya faru, aradu ta buge mutum, kada a tsaya daga nesa ana jiran wani ya zo ya karya ta, yadda a kan yi a waɗansu wurare. Babu sauran lantarki a jikinsa, taɓa shi ba ya cutar kowa. Da yawa numfashinsu ne ko zuciyarsu ta tsaya, in aka fara danna ƙirji da hura numfashi nan take, aka kuma nemi abin hawa zuwa asibiti, ana iya ceton ransu.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tafi madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, mu ga yadda jan ƙasa ke gangaro da ruwan Kwara, ruwan ya juya manyan maganaɗisu a cikin naɗin waya, lantarki ya fito ya kama hanya. Kafin nan ku yi gwajin allura da na leda, ku rubuto mana abin da kuka gani, ku faɗi kuma zurfin da lissafi ya ba ku na rijiyar unguwarku da wanda igiyar guga ta nuna.